Auduga a Kumo

Hansai ta dawo daga makaranta da magana a baki,
ta same ni a gona, buhu a rataye, ƙaya ta tsaga mini yatsa.
Ta ce, Baba, a Amurka an taɓa yin yaƙi a kan abin nan.
Na ce, a kan auduga?
Ta ce, a'a, a kan masu tsinkarta.

Ta buɗe littafi a kan kunya, ta danne shafin da hoge.
Arewa da Kudu, ƙasa ɗaya, harshe ɗaya,
shekara huɗu suna gina wa juna kabari.
Shuɗin kaya a nan, ruwan toka a can,
fiye da dubu ɗari shida suka kwanta ba su tashi ba.
Kudu ta ce bawa dukiya ce, kamar garma, kamar alfadari.
Arewa ta fara da cewa ƙasa ba za ta tsage ba,
sai da jini ya kai gwiwa
sannan ta kira maganar da sunanta.

Na yi shiru, ina tsotsar yatsa.
Akwai abin da Malam Bappah bai sa a allo ba.
Kakar kakata sunanta Nasamu,
kuma ba uwarta ce ta raɗa mata ba.
A bakin rafi aka ɗauke ta, can gindin duwatsu,
tulunta ya kwana a wurin.
Ta tsufa a rinji, mazari a hannu,
tana kaɗa zaren rigar da ba za ta sa ba.
Ba wanda ya ɗura bindiga dominta.
Ban sani ba ko in yi wa waɗancan hassada
ko in yi musu ta'aziyya.

Na ce, to wa ya ci?
Ta ce, Arewa. Mutum miliyan huɗu aka kwance.
Na ce, da gari ya waye, ina suka nufa?
Wa ya ba su gona? Wa ya ba su iri?
Ta juya shafi. Taswira ce, sai tambayoyin jarrabawa.

Rana ta karkata wajen Pindiga.
Ranar Laraba masu awo za su zo da motarsu,
su ne da sikeli, su ne da farashi.
Na ce, Hansai, rubuta wani suna a gefen shafin nan.
Ta ciro biro, tana jira.
Ƙullin da ke hannuna ya ɗiga ja a gefe ɗaya.
Na jefa shi a buhu tare da sauran.