Allon Akurkin Kaji

Ubana Motaleb, a Faridpur,
damina arba'in ya yi cikin ruwa har ƙirji,
yana dukan ramar da ta jiƙa mako biyu,
matsattsaku na karɓar rabonsu a ƙwaurinsa.
Ruwan ya yi baƙi, warinsa ya bi shi har tabarma.
In ya shanya zaren a kan gadar gora,
rana ta taɓa shi, sai ya koma launin zuma.

Sai leda ta shigo gari.
Buhun algarara ya rasa mai tayawa,
masaƙa ta kulle, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofarta.
Baba ya ce: abin da ba ya ruɓewa
ba ya jin kunyar ƙasa.

Yayana Shohag ya tafi maƙerar jiragen ruwa
inda ake shimfiɗa zaren gilashi.
Da dare sai susa,
kamar ya kwana cikin ƙarara,
tari kuma ya zama abokin hirarsa.

Ni Jhumur, ina Narayanganj yanzu,
layi na uku, aikin dare.
Ina jera ramar nan falle-falle,
wannan a tsaye, wancan a gicciye,
in zuba danƙo, in ja ƙarfe,
injin matsi ya sauko da zafinsa, ya yi huci.
Minti huɗu.
Abin da ya fito, cikin ƙofar mota ne.
Yatsa biyu sun ɗaga shi,
amma Parimal mai duba kaya ya hau kansa da takalmi,
ko ƙara bai yi ba.

Ba zan ɓoye ba, danƙon nan jinin fetur ne.
An ce ana gwada na rake, ana gwada na masara.
Ina jira.
Hannuna dai ba ya ƙaiƙayi.

Wata Laraba ɗaya ya fito da baƙin zane a gefe,
aka wurgar. Na roƙa, na cusa a jaka,
na kai gida da hutun salla.
Baba ya shafa, ya shinshina, ya kai kusa da ido.
"An yanke ta a makare," in ji shi,
"kuma a kududdufi ta jiƙa, ba a ruwa mai gudu ba.
Aikin rago ne."

Na ce 'yan'uwansa sun hau jirgi,
sun tafi ƙasar da ƙanƙara ke rufe titi.
Ya yi shiru.
Shi da bai taɓa shiga ƙaramar mota ba,
ya ce, "Mutanen can sun san warinta?"

Ya ɗaure allon a jikin akurkin kaji,
daidai inda tunku ke shigowa.
Damina biyu ke nan ruwa na dukansa.
Kullum da asuba, kafin ya watsa tsaba,
Baba na danna shi da babban yatsa,
yana jiran ranar da zai ji kunyar ƙasa.