Kwana Tara a Zobe

Ba mu da anga irin ta manyan jirage.
Dutsen niƙan Inna Tabawa muke ɗaurewa
da igiyar rama, mu sake shi sannu sannu,
ya sauka inda ido ba ya kaiwa.
Jirgi ya ja, ya sake ja,
sannan ya haƙura, ya kwanta bisa ruwa.

Da asuba aikin Sallau ne kwalfe ciki
da rabin jarka, yana mita, yana hamma.
Ni ke hura kurfoti tsakanin gwiwoyina,
shayi ya tafasa, tsinken ashana bakwai suka rage,
na ƙirga su jiya, na sake ƙirgawa.

Tsibiran nan ba mai sunansu a takarda,
mu muka raɗa musu.
Ga Tozon Raƙumi, ga Ba Inuwa,
ga Gidan Zalɓe, inda mai gidan ke tsaye da ƙafa ɗaya
yana kallon komarmu kamar mun ci bashinsa.
A kan Tozo kaɗai waya ke kamawa.
Can Sallau ke hawa, ya ɗaga hannu sama,
ya dawo da labarin gida:
akuya ta haihu biyu, Lantana na gaisuwa,
gishirin da ta ce mu ɗauka yana nan bakin randa.

Salla a jirgi sai da lura.
Ka kabbarta kana fuskantar gabas,
kafin ka kai tahiya iska ta juya ka
kana kallon fitilun Dutsin-Ma.
Na tambayi Malam Ilu, ya yi dariya,
ya ce Mai gabas ɗin ya san halin ruwa.

Rana ta shida hadari ya taso daga kudu.
Muka ɓuya bayan Ba Inuwa,
leda a ka, igiya na kuka kamar za ta tsinke.
Sallau ya riƙe ta da hannu biyu har tafinsa ya saɓule.
Dutsen bai motsa ba.
Na ce masa, kakarka ma haka take,
in ta zauna kan magana ba mai ɗagawa.

Wani wuri in mun zo nakan ɗaga filafili.
Nan ƙasa, gaba uku ko huɗu,
gonar babana ce, da tsamiyar da muke sha fura.
Yanzu tarwaɗa ke kiwo a kunyoyinta.
Sallau bai san wurin ba,
shi dai ya san nan karfasa ke taruwa.

Ran tara muka tsamo dutsen, duk gansakuka,
banda kwando biyu, kayanmu na warin hayaƙi.
Na taka tudu, tudu ya ƙi tsayawa.
Daren nan a ɗakina, kan gadon kara,
na farka sau uku ina laluben igiya,
Lantana ta ce, kwanta, ba inda gidan zai tafi.