Abin da Ƙanƙara Ta Bari

Ruwa ya janye da asuba a gaɓar Chiloé.
Kakata Eduvigis ta tattare siket ta shiga laka,
kwando a gwiwar hannu, tsohuwar wuƙa a dama.
Ni ina biye da 'yan kwalabe masu lamba,
abin da take nema ta ci
shi nake nema in karanta.

Ta ɓamɓaro dodon koɗi daga jikin dutse,
ɗan mitsitsi, mai baya kamar malafa.
Ta ce, "Ermelinda, wannan ai miya ne.
Me zai faɗa miki?"

Na ce, Kaka, akwai rubutu a tsokarsa
wanda ido ba ya kamawa.
Shekara dubu ashirin da suka shuɗe
ƙanƙara ta gangaro daga duwatsu
ta kwanta a kan kudu
kamar saniyar da ta ƙi tashi.
Ta danne gaɓa, ta niƙe dutse,
ba kaguwa, ba makankari, ba ko tsiro.
Waɗanda suka tsira sun laɓe ta nan arewa,
a lungunan da bakinta bai kai ba.

Da ta narke, aka koma kufai
ba jagora, ba guzuri.
Wasu tun suna ƙwai igiyar ruwa ta kwashe su,
wasu suka maƙale a ciyawar teku da ta tsinke
suka yi ta gararamba, wata da watanni.
Shi ya sa in na duba na arewa
sai in ga tsatso iri-iri, kamar ranar kasuwa a Castro.
Na kudu kuwa, daga Melinka har inda jirgi ke gajiya,
kusan uwa ɗaya, uba ɗaya.

Ba ta tanka ba.
Ta goge wuƙa a gefen siket,
ta daɗe tana kallon inda ruwa ya tsaya.

"Shekarar da ƙasa ta girgiza,
teku ta tafi, ta dawo a fusace.
Gida goma sha ɗaya ne a bakin nan,
uku suka kwana.
Je ki makaranta yau ki kira Chiguay,
ki ga yara nawa za su waiwayo,
kowa da kunnen Nolberto, kakanku.
Sai da kika je Valdivia
aka koya miki wannan?"

Na yi dariya, sanyi ya kama haƙorana.

Ruwa ya fara dawowa, yana lasar takalmanmu.
Ta sunkuya, gwiwa tana ƙara,
ta lalubo tabon da ya bari a jikin dutse,
zagayen da ya goga daidai jikinsa,
ta mayar da shi, ta danna da babban yatsa.

"Wannan a bar shi. Ya sha hanya."

Kwalbata ta bakwai ta koma gida ba komai.