Aron Rijiya

Da rana ina gyaran salula a bakin kasuwar Dole.
Da dare, in kuran bai yi mana rowa ba,
ina haƙa rijiya da yatsu goma.

Wasa ne na rubutu zalla, ba hoto, ba kiɗa.
Allo ya ce: Ga ka a bakin rami, igiya a ƙugunka.
Kai kuma ka rubuta: sauka.
Ko: koma gida.
Mu goma sha bakwai ne,
uku a Maraɗi, ɗaya a Agadas,
da wani direba da ban san fuskarsa ba,
mai shigowa daga duk inda dare ya riske shi.

Sai dai rijiyar ba tawa ba ce.
Barma mai haƙa, da jakinsa mai kunne guda,
da ƙauyen da ruwa ya yi wa yaji,
daga wani ɗan littafi mai koren bango na kwaso su,
dala ɗari na saye shi, a ƙasa,
cikin tsofaffin takardun lakwal.

Wata Laraba Mutari ya rubuto daga Maraɗi,
ba sauka ba, ba koma gida ba:
Mai littafin ta sani?

Na ce ko dala ba na karɓa.
Na ce ga sunanta can a sama.
Na ce labari ai ba ya da uwa.
Ya ce wannan yana da, tana Birni, da ranta.
Aro da sallama ake yi, in ji shi,
in babu sallama wani suna gare shi.

Na nemo dokar haƙƙin mallaka,
na same ta da Faransanci,
doguwa kamar layin jarkoki a famfon unguwarmu.
Abin da na tsinta a ciki kaɗan ne:
don ka raba kyauta
bai sa abin ya zama naka ba.

Gidan Malama Cima na bayan wani dutse,
lungun da babur ke shiga a karkace.
Na tarar tana ɓarar gujiya,
tabarau ɗaure da zare.
Na miƙa mata salula hannu biyu
kamar mai mayar da akuyar da ta kwana a garkensa.

Ta karanta. Ta yi dariya wurin jakin.
Da yatsa ɗaya, a hankali, ta rubuta: sauka.
Allo ya ce: Igiya ta tsinke. Barma ya mutu.
A sake?

Ta kife wayar a kan faifai.
Sau nawa yake mutuwa a dare?
Na ce ya danganta da yawan masu wasa.

Ta ce, Barma ubana ne, suna na sauya masa.
Sau ɗaya rijiya ta rufta da shi, ina shekara tara.
Shafi sittin na rubuta don ya fito,
kuma ya fito.

Ban sami inda zan aje idona ba
sai kan ɓawon gujiya.

Ta ce rabin izinin ba ya hannuna,
na sa hannu a takarda, yana wurin mai ɗab'i a Yamai,
ka rubuta masa, ko zai fi amsa maka.
Rabina kuwa ga shi, da sharaɗi:
ku ɓata hanya, ku rasa jakin, ku haƙa ku tarar da dutse,
amma igiyar nan
kar ta ƙara tsinkewa.

Wasiƙa ta tafi Yamai yau kwana tara.
Na rufe ramin da faifai, ina jira.
Jiya da tsakar dare direban nan ya shigo,
daga Tanut, ina ji, ya rubuta: sauka.
Allo ya ce masa: Dakata.
Ana tufka sabuwar igiya.