Ƙwanƙwasa Biyu

Tun rana ba ta leƙo kan duwatsun Kentucky ba
na gangara bayan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa
da bokitin roba da sandar korar maciji.
Can bilakberi ke nuna a watan Yuli,
baƙi wuluk kamar ɗinya,
kowane ɗa da ƙaya goma masu gadinsa.
Shekara talatin da ɗaya na yi a ramin kwal,
amma ƙayar nan sai da ta sa ni ƙara kamar yaro.

Nelda na zaune gefen tebur inda na bar ta,
bargo a gwiwa duk da zafin nan.
Tun Fabrairu da ɓarin jikinta ya shanye
magana ta yi ƙaura daga gidanmu.
Abin da ya rage mana cokali ne a hannunta na hagu:
ƙwanƙwasa ɗaya, e; biyu, a'a.

Na ce, Nelda, yau ni zan gasa kobla.
Ta yi mini kallon da take yi wa kare in ya shigo da taɓo.
Can sai, ƙwas.

Shekara arba'in da huɗu ina cin abin nan,
ban taɓa tambayar yadda ake yin sa ba.
Na ɗauko kwanon gilas, ƙwas ƙwas.
Na ɗauko na silba, ƙwas ƙwas.
Sai da na durƙusa, gwiwa na kuka,
na jawo baƙin kaskon ƙarfe na uwarta
sannan ta yarda.

Man shanu ya narke a tanderu tukuna.
Fulawa kofi ɗaya, madara kofi ɗaya, ɗan bekin foda.
Sukari na zuba, na ƙara, ina satar kallonta.
Likita ya hana, ta kuma sani,
cokalin ya yi shiru kamar bai gani ba.

Na kwarara kwaɓin kan mai yana cuwai,
na watsa 'ya'yan a sama,
nunannu da masu sauran ja don tsami.
Sai na ga abin ba tsari,
mai ya gudu gefe, kwaɓi ya taru a tsakiya,
na kai hannu ga ludayi.
Ƙwas ƙwas! Ƙwas ƙwas!
Har kofin shayinta ya yi tsalle.
To, na ji. Ba a juyawa.
Ashe barin sa ake ya nemi hanyarsa.

Minti arba'in da biyar, ni da ita da agogon bango.
Rhonda ta bugo waya daga Lexington, ban ɗauka ba.
Ta gilashin tanderu nake kallo,
kwaɓin na tasowa sannu-sannu
yana haɗiye 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya,
ruwa shunayya na ɓulɓula a bakin kasko.
Ƙamshi ya cika kicin, ya fita baranda,
har karen Dewey ya tsallako shinge.

Gefe ɗaya ya ɗan ƙone.
Na ɗebo inda ya fi laushi, na hura, na sake hurawa,
na kai bakinta, na tare haɓa da tsumma.
Ta daɗe tana taunawa.
Ni kuwa kunnena na kan tebur,
ina jiran ɗaya ko biyu.

Ta ajiye cokalin.
Leɓen dama bai motsa ba, na hagu ya yi aikin duka,
murya kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba:
“Gi... shiri.”

Na manta gishiri.

Wata biyar ina roƙon Allah kalma ɗaya tak,
ina zaton sunana ne zai fara zuwa,
ga abin da aka aiko mini.

Na fita baranda, yatsuna shunayya, ƙaya biyu har yanzu a tafi,
na yi ta dariya har ta rikiɗe ta zama wani abu,
karen Dewey na kallona.

Gobe da asuba zan koma bayan hanyar jirgi.
Bokitin na bakin ƙofa.
Gwangwanin gishiri kuwa na riga na ajiye shi
a tsakiyar kasko.