Ƙidayar Shiru

Shekara goma sha tara ina kwana gefen injin niƙa.
Tun muna Funtuwa ake min tsiya,
wai ko ɓarawo ba ya shiga layin su Uwani,
zai ɗauka mutanen gidan ba su kwanta ba.
Muka ɗauko minsharin cikin kayanmu har Sheffield,
babu wanda ya auna nauyinsa a filin jirgi.

Bangon nan kuwa kamar takardar tsire.
Misis Hargreaves, mai kyanwa uku,
ta tare ni wajen kwandon shara,
wai ko tukunyar ɗumama gidanmu ce ta lalace?
Na ce ita ce.
To ina zan kai kunya?

Ƙarar ba ta taɓa hana ni barci ba,
ta daɗe da zama 'yar gida.
Shirun ne.

Wani daren Janairu, ruwa na dukan taga,
injin ya ɗauke.
Na yi hamdala, na gyara filo,
sai na ga ƙirjin Tanimu yana ja, yana kokawa,
babu abin da ke wucewa,
kamar mai jan guga a rijiyar da aka rufe.

Ɗaya. Biyu. Bakwai.
Goma sha biyar.
Agogo na yi, ni ma ina yi.
Ashirin da shida,
ya zabura, ya fizgo iska
kamar wanda aka tsamo daga kogi,
ya juya ya ci gaba.
Bai ma san ya je ya dawo ba.

Sun ce barci ƙanin mutuwa ne.
Daren nan na ga yayan yana leƙo ƙofa,
yana komawa, yana sake leƙowa,
har aka yi asuba.

"Ni? Lafiya lau na kwana."
Ga baki a bushe, ga kai na sara,
shayi kofi uku bai buɗe idon ba,
kuma shi ne zai ja bas mai hawa biyu
ya hau tudu, ya gangara tudu,
da 'yan makaranta a sama, tsofaffi a ƙasa.

Na yi magana, ya ce gajiya ce.
Na sake, ya ce gado ne, haka babansa yake.
Na ce, ina baban yanzu?
Muka yini ba mu gaisa ba.

Rumasa'u ce ta raba gardama.
Ta ajiye wayarta bisa durowa,
washegari ta kunna masa a kan tuwo.
Ya yi dariya da ya ji gurnanin.
Da aka zo wajen shirun
ya ajiye lomar da ya yanko.
Can ya ce, "Ranar Talata, a jar danja,
hon ɗin na bayana ne ya tashe ni."

A asibiti suka maƙala masa wani abu a yatsa,
ya kwana da wayoyi kamar rediyon da ake gyara.
Likita ta zana maƙogwaro a takarda:
nan naman ke saki, nan hanya ke rufewa,
zuciya na ta aikin dare ba lada,
hawan jini na jira a bakin zaure.
Sau arba'in a awa guda, in ji ta.
Ashe ƙidayata ma ragi na yi masa.

Yanzu yana kwana da takunkumi da tiyo.
Rumasa'u na kiransa Baba giwa.
Mako biyu yana tsine wa abin,
na uku ya farka ya ce ya yi mafarki,
ya manta rabonsa da mafarki.

Misis Hargreaves ta min barka da gyaran tukunya,
har ta nemi lambar mai gyaran.

Ni ce dai ban warke ba.
Ƙarfe uku sai in farka cikin ɗaki tsit,
in lalubo ƙirjinsa a duhu,
in fara: ɗaya,
sai ya ɗaga min hannu kafin in ce biyu.