Naira Biyar, Rai Uku

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
Janaretan maƙwabci ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Saura kashi talatin a batirin kwamfutata,
'yar gwanjo da na saya a Sabon Gari,
harafi biyu sun goge, fankarta na kukan sauro.

Wani sauti nake nema
da ya ɓace mini tun ina aji huɗu.

Shagon Barau ne, bayan gidan mai a Tudun Wada:
talabijin mai ƙusumbi, benci guda, labulen buhu.
Naira biyar, rai uku.
In kaset ya ƙi, sai Barau ya zare shi,
ya hura masa iska kamar mai tofi,
ya mayar, ya ɗan mare shi a ƙeya,
sai kiɗan nan ya tashi,
siriri, mai tsini, ba ya gajiya da maimaita kansa.
Ni da Jatau, kafaɗa da kafaɗa,
kuɗin tararmu duk sun ƙare a rami ɗaya
da muka kasa tsallakewa shekara guda.

Yau manhajar da ke gabana
ta tara ganguna dubu, da goge, da sarewa,
in na so, makaɗan duniya su zo ɗakina su durƙusa.
Na sallame su duka.
Murya uku na riƙe, da wata huɗu da ba murya ba:
biyu masu kusurwa huɗu, suna tsalle kamar fara,
ɗaya mai kusurwa uku, tana ɗauke da su a baya,
ta ƙarshen kuwa yashi ne ake zubawa a kwanon rufi.
Iyakar dukiyar injin Barau ke nan,
kuma da ita ya saye mu.

Jiya na zaga gari da waya ina farautar ƙara:
cokalin mai shayi a Kwangila yana dukan kofi,
hon ɗin wani keke da ya shaƙe,
kalangun mahauta,
ƙarfen layin dogo da na ƙwanƙwasa da dutse a tsohuwar tasha
har maigadi ya tambaye ni ko lafiya.
Na yanka su ƙanana kamar naman tsire,
na kankare musu kyau da gangan,
na rage, na ƙara ragewa,
har kalangu ya koma magana ta hanci.

Uwani ta leƙo da fitila:
"Yaya, kwamfutar ce ta lalace?"
Na ce wata uku na yi kafin na iya lalata ta haka.
Ta dube ni, ta ja ƙofa.

Kiɗan tsalle ya zo da sauƙi,
na tsintar kwabo ma bai yi gardama ba.
Na faɗuwa ne ya gagare ni,
ɗigo biyar masu gangarowa in rai ya ƙare.
Sau arba'in na jera su, sau arba'in na share.
Komai daidai, amma ba shi ba ne.
Sai can na gane abin da babu:
tsakin Jatau.
Kullum tare suke sauka.
Na matso da bakina kusa da waya, na ja tsaki,
na ɗora shi a kan ɗigo na biyar.

Shagon Barau yanzu cajin waya ake yi a ciki.
Jatau na Fatakwal yana tuƙa tanka,
rabonmu da magana tun sunan ɗansa na biyu.
Na tura masa, ban rubuta komai ba.
Batiri saura kashi biyu.

Ana kiran assalatu saƙo ya shigo,
murya ce, daƙiƙa tara.
Ba sallama, ba yaya gida.
Ƙarar inji, dariya mai kama da tari,
sannan:
"Kai, ka mutu. Miƙo hannun, layina ne."